Kada ku nemi tarar da za ta karya mutum

Ƴan uwana samarin fada, akwai maganar da nake yawan ji daga bakinku da zarar rikici ya lafa: "A matse su yadda ba za su ƙara ɗaga kai ba." Shanu ne suka shiga gona a wajen Gidan Rumji ko faɗan unguwa ne a cikin gari, sai ka ji ana neman tarar da za ta durƙusar da mutum, an manta da girman ɓarnar. Ku bi a hankali, manyan ƙasashe sun gwada wannan kafin ku.

A 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta ƙwace mata yankunan Alsas da Loren, ta ɗora mata diyyar faran biliyan 5, har ta naɗa sarkinta cikin fadar Versailles. Faransawa suka haɗiye, amma ba su manta ba. A 1919, bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin wannan fadar dai, aka sa ta ta sa hannu a yarjejeniyar ƙare yaƙin. Aka rage sojojinta zuwa 100,000, aka yanke mata ƙasa, aka raba Togo da Kamaru da take yi wa mulkin mallaka, aka ɗora mata alhakin yaƙin, alhali ba a bar ta ta zauna wurin shawarar ba. A 1921 aka yanke diyya, mak (kuɗin Jamus) biliyan 132. Da biya ya yi tsaiko, Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus a 1923, kuɗin Jamus suka zama takardar banza.

Ban ce yarjejeniyar kaɗai ta haifi Hitler ba, karyewar tattalin arzikin 1929 ma tana da hannu. Amma ita ta ba shi abin faɗa a kowane taro. Da ya ci Faransa a 1940, sai da ya sa aka fito da taragon jirgin da Jamus ta sa hannun tsagaita wuta a 1918, a ciki Faransawa suka sa nasu. Kun ji ƙullaci.

Mu Maradawa ma ai bai kamata a tuna mana ba. Katsinawan da aka kora lokacin jihadi su suka kafa garin nan, kuma shekaru da dama ba a huta da kai hare-hare ba.

Saboda haka in an zauna gaban mai gari, ku bar wanda ya yi ɓarnar ya faɗi tasa. A je gonar a kimanta abin da aka ci, a biya daidai, in da hali a ba shi wa'adi har bayan girbi. Kuma don Allah ku mai da wayoyinku aljihu, ba sai an ɗauki dattijo yana ba da haƙuri an watsa a WhatsApp ƴaƴansa suna gani ba.