Tattakin Wurno da ɗan kabu-kabu

A gidanmu ba a cewa an gaji. Kana faɗa za a tuna maka kakanmu da ya je Makka da ƙafa, ta Chadi da Sudan. Gorin nan ne ya sa na ɗaura niyyar ziyartar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, a ƙasa, tun daga Hubbaren Shehu. A Wurno aka rufe shi a 1837, garin da ya kafa ribaɗi, wato sansanin tsaro, shekara 20 bayan rasuwar mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na saka sabuwar shadda, na yi sammako, cikin watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Ban gama fita gari ba wani ɗan kabu-kabu ya sha gabana.

"Alhaji, ina za ka?"

Na ce Wurno, kuma da ƙafa.

"Mi ya yi zahi? In kuɗɗi na, biya rabi."

Ya yi ta bina a hankali yana rage farashi, ni kuma ina ƙara ɗaure fuska. Da ya gaji sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Ina dawowa, Alhaji. Rana za ta yi muna ciniki."

Gaba kaɗan na riski wani dattijo mutumin Ƙonni, daga shi sai sanda da buta da silifa mai ɗinki. Shi ma Wurno za shi. Na ce a raina, ga wanda zan riƙa jira. Ashe tsohon nan ba ya taka ƙasa sau biyu a wuri guda. Yana tafe yana ba ni labarin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, har da mata da ƙananan yara, numfashinsa ko sauyawa bai yi ba. Duk sanda na duƙa na dafa gwiwa sai ya waiwayo: "Ɗana, ruku'u kaka yi ba alwala?" Daga ƙarshe ya gutsuro mini goro, ya yi gaba abinsa.

Wajen Achida na zube gindin wata bishiya. Shadda ta koma launin hanya, leɓe ya bushe, hula ta karkace. Wata Bafulatana mai fura da nono ta dama mini, ta ƙi karɓar kuɗi, ta faɗa wa ƙawarta wani abu da Fulatanci suka kwashe da dariya. Ina cikin sha wani bawan Allah a kan keke ya tsaya, ya ajiye mini naira 50 a gabana, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya." Na ɗauka mana. Kyauta ai ba a mayar da ita.

Sai ga ƙarar babur. Ɗan kabu-kabu ne, yana murmushi. Kuɗin da ya yanka yanzu, na ragowar hanya kawai, ya ninka na safe. Ban ce uffan ba na haye.

A Wurno na tarar da dattijon ya yi ziyara, ya yi la'asar, yana zaune yana jan carbi. Yana ganinmu ya miƙe, ya ɗauki butarsa ya ɗare bayan babur.

Na ce, "Baba, ba da ƙafa za ka koma ba?"

"Ɗana, zuwa aka yi da ƙahwa. Komawa ko da jirgi na. Biya mai, Allah shi yi ma albarka."