Ranar Da Yusufu Ya Sake Yin Kuka

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu.

Tun muna makarantar Lahadi mun san labarin Yusufu: rigarsa mai ado, ramin Dotan, da yadda 'yan'uwansa suka sayar da shi ga Isma'ilawa a kan azurfa 20 yana ɗan shekara 17. Amma akwai wani wuri a sura ta 50 ta littafin Farawa da muke wucewa da sauri, shi ne ya hana ni barci a makon nan.

Yakubu, mahaifin Yusufu, ya rasu bayan ya yi shekara 17 a Masar, inda Yusufu ya zama babban mai mulki. Duk shekarun nan 'yan'uwan Yusufu suna zaune a Goshen, ƙasa mai albarka, suna cin abincinsa, 'ya'yansu suna girma a inuwarsa. Yusufu ya riga ya rungume su, ya sumbace su, ya ce kada su damu da abin da ya wuce. Sai ga shi ana gama binne tsoho, tsoro ya kama su. Suka ce a ransu, yanzu da baba ba ya nan, Yusufu zai rama. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Suka aika masa da saƙo cewa mahaifinsu ya bar wasiyya a yafe musu, daga baya suka zo da kansu suka faɗi a gabansa suna cewa su bayinsa ne.

Da Yusufu ya ji saƙon, sai ya fashe da kuka.

Ina ganin abin da ya sa shi kuka shi ne ya gane cewa shekara 17 suna cin tuwonsa amma ba su taɓa gaskata ya yafe musu ba. Sun ɗauka kunyar uba ce kawai ta riƙe hannunsa. Ya ba su matsayin 'yan'uwa, su kuwa suna roƙon matsayin bayi. Haka ɗan nan da ya ɓata dukiyar ubansa a Luka sura 15 ya shirya maganarsa a hanya, cewa a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙwadago, alhali uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙo a guje.

Da yawanmu haka muke da Ubangiji. Muna zuwa sujada, muna rera waƙa, muna cin Jibin Ubangiji, amma can cikin zuciya muna jiran ranar da zai tuna da laifinmu. Yaro ya kwanta ciwo, sai ka ce zunubin ƙuruciya ne ya biyo ni. Kasuwa ta tsaya, sai ki ce Allah ya fara biya na. Ni kaina na yi shekaru ina maimaita roƙon gafara a kan abu guda, na furta shi, na tuba, amma kowace wahala ta zo sai in ce ga hukuncin nan ya iso. Ban san ina raina gicciye ba ne. Manzo Bulus ya gaya wa Romawa a sura 5 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ba a jira mun gyaru ba tukuna. To wane laifi ne za ka tono yau wanda ba a san da shi ba a Golgota, inda aka gicciye Yesu?

Ku lura kuma, Yusufu bai ce abin da suka yi ba kome ba ne. Ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta alheri don a ceci rayuka da yawa. Gafarar da muke koya daga wurin Yesu ba ta kiran baƙi fari. Ke da kishiya ko dangin miji suka cuta, kai da ɗan'uwa ya cinye maka gonar gado, ba a ce ku yi kamar bai yi zafi ba. An ce ku sauka daga kujerar alƙali, domin Yusufu ma ya tambaye su ko shi yana a matsayin Allah ne.

Irin wannan zuciya ba a kwana ɗaya ake samunta ba. Shekara 13 ya yi tsakanin bauta a gidan Fotifar, hafsan Fir'auna, da kurkuku, mai shayarwar Fir'auna ma ya manta da shi shekara 2 cur, kafin ya tsaya gaban sarki yana da shekara 30. A duk tsawon lokacin nan abin da Littafi Mai Tsarki yake nanatawa shi ne Ubangiji yana tare da shi. In kana cikin naka jiran yau, kada ka ɗauki shirun Allah a matsayin fushi.

Yusufu ya ta'azantar da su, ya yi musu alkawarin zai ci gaba da ciyar da su da 'ya'yansu. Da ajalinsa ya matso yana da shekara 110, gidan nan da ya sayar da shi ya damƙa wa amanar ƙasusuwansa, ya sa suka rantse za su fitar da su daga Masar. Musa ya ɗauke su ranar fita, aka binne su a Shekem, garin da ubansa ya aike shi tun farko ya je ya dubo lafiyar 'yan'uwansa.