Hayar gidan hutu a Outer Banks: mu da "sai mun gani", su da kalanda

Jama'a sallama. Tun da muka dawo daga bakin teku mata ke ta kirana, wai Maman yara yaya ake kama gidan nan, nawa ne, mutum zai samu sirri kuwa ko tsirara za mu je kallo, to bari in faɗa sau ɗaya in huta, don wallahi bakina ya gaji. Shekara uku kenan a jere ni ce sakatariyar wannan tafiya, ba wanda ya naɗa ni, kawai dai ni ce mai karanta takarda har ƙarshe.

Ga wanda bai san wurin ba, Outer Banks wasu siraran tsibirai ne na rairayi da suka yi layi a gaban jiharmu ta Karolina ta Arewa a nan Amurka, tsawonsu ya kai wajen mil 200, ta gabas babban teku ne na Atlantika, ta yamma kuma wani ruwa ne mai kwanciya tsakaninsu da sauran ƙasa, kamar dai an ja katangar yashi ta tare wa ƙasar dukan teku. Akwai inda in kika hau baranda ruwa za ki gani gaba, ruwa baya, tsirin ƙasar da ke tsakani ko filin idin garinmu ya fi shi faɗi. Daga Raleigh inda muke awa uku da rabi ne zuwa Nags Head, ɗaya daga garuruwan wurin, in ba a tsaya fitsarin yara sau goma ba.

Ni a ganina babu irin hutun da ya dace da Bahaushe a ƙasar nan kamar hayar gida sukutum, otal ba namu ba ne, ɗaki ɗaya gado biyu ba wurin girki, yara na tsalle ana buga miki waya daga ƙasa. Amma gida mai ɗaki bakwai ko takwas, iyali huɗu a ciki, tukunya ɗaya, yara suna kwana a jibge kamar gidan kaka lokacin sallah, wannan shi ne mafi kusa da babban gida da na taɓa samu tun zuwana Amurka. Matsalar ita ce hanyar samun gidan ta saɓa da duk yadda muka tashi.

A gida in za mu Katsina daga Kaduna ba wanda ke neman izini, ki ɗau jaka kawai, in kin isa a share miki ɗaki, in ba ɗaki a shimfiɗa tabarma, a ƙara ruwa a miya, kwana uku ya zama sati biyu ba wanda zai ɗaga miki gira. Ko masauki za a kama, sai an isa garin ake nema, a yi ciniki, a ce albarka, a ce to ƙara wani abu. Nan kuwa gidan da kike so na watan Yuli, tun Satumba ko Oktoba na shekarar da ta gabata ake kama shi, kuma yawancin kamfanonin dillancin gidajen suna fara ba wanda ya zauna a gidan bana damar riƙe wannan satin na baɗi kafin ya fito kasuwa, shi ya sa za ki ga wasu iyalan Turawa shekara da shekaru gida ɗaya sati ɗaya kamar gadonsu. Shekarar farko mu sai watan Mayu muka farka, ana ta "bari mu gani", "Allah ya kai mu", "sai Alhaji ya duba wurin aiki", ranar da aka gama gani sai ragowa muka tarar, gida mai tsada can nesa da ruwa, ga kafet ɗinsa yana tashin warin kare. Ba wai na ƙi Allah ya kai mu ba ne, ai dole a faɗa, amma a faɗa bayan an tura kuɗi.

Kuɗin kuma ga yadda yake. Haya ta sati ce cur, yawanci Asabar zuwa Asabar ko Lahadi zuwa Lahadi, ki shiga ƙarfe 4 na yamma ki fita 10 na safe, ba maganar bari in ƙarasa wanke-wanke. Ana biyan wajen rabi a matsayin kafin alƙalami lokacin sa hannu, sauran kamar wata guda kafin zuwa. Farashin da ke jikin hoto kuma ba shi ne farashi ba, don a yankin Dare, inda Nags Head take, harajin kaɗai kashi 12.75 cikin ɗari ne in an haɗa na ciniki da na masauki, a ce gidan dala 6,000 ne to ga dala 765 ta hau kai tun kafin a zo kan kuɗin shara da kuɗin takarda da inshora, wasu gidajen ma zanen gado da tawul sai kin biya daban ko ki zo da naki. Mu adashi muka mayar da abin, kowane gida yana zubi duk wata tun daga Oktoba, don na gano in kika ce wa mutum kawo dubu ɗaya da ɗari bakwai lokaci guda sai ya tuna yana da biki a gida. Kuma wadda ta sa hannu ita ce a ruwa, in wani ya janye kamfani bai san shi ba, ke ya sani.

Sai abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutanenmu, wato ƙidayar kai. In takarda ta ce mutum 16 to 16 ne, da jarirai a wasu wuraren, ba rowa ba ce, yawancin gidajen can ba su haɗe da babban magudanar gari, kowane gida da ramin masansa a cikin rairayi kuma gwargwadon ƙarfinsa aka ba da izinin yawan mutane. Mu kuwa kin san hali, ana gobe tafiya sai ki ji "af, ƙanwar maigida ta zo daga Maryland da yaranta uku, ai ba komai ko", kuma kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba. Ni dai yanzu na cire kunyar, ina kama gida mai rarar mutum biyu ko uku in yi shiru ban faɗa wa kowa ba, don na san baƙon da ba a gayyata ba yana nan tafe.

Yanzu ga inda zan saɓa da mutane da yawa, har da Abban yara. Ni ban ga dalilin da zai sa mu biya kuɗin gidan layin farko ba, wanda ƙofarsa ke buɗewa kan rairayin teku. Su masu biyan wannan kuɗin tun hantsi suke shanya jikinsu a rana har la'asar, to su ya biya su. Mu fa? Tsakani da Allah wa ya taɓa ganin Bahaushiya ta baro inuwa ta je ta kwanta a rana da gangan, ranar da muka sha a gida ba ta isa ba? Mu bayan asuba muke fita mu taka a bakin ruwa, sai kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi mutane sun ragu, tsakanin nan muna gida ana hira ana suya. Gida na layi na uku ko na huɗu, tafiyar minti biyar zuwa ruwa, ya ishe mu, rarar kuɗin a sa ta inda take da amfani. Abin da nake dubawa a hoto yanzu shi ne wurin ninkaya na gidan kansa, da irin shingensa, katako ne a rufe ko sanduna ne da ake hangen ciki, sannan in buɗe taswira in ga ko barandar maƙwabta tana leƙo shi, don gidajen dogaye ne, shinge ba ya hana na sama gani. In aka dace, maza su kwashi samari su tafi teku, mata su samu awa biyu su shiga ruwa hankali kwance, akwai baiwar Allah a cikinmu da ta ce rabonta da shiga ruwa tun tana yarinya a gulbin ƙauyensu.

Wani abin da hoto ba ya faɗa miki, gidajen a kan dogayen turaku suke saboda ambaliya, kuma a juye aka gina su, kicin da falo can hawa na sama don a ga ruwa, ɗakunan kwana a ƙasa. Bara da Hajiya, mahaifiyar maigida, muka je, ta zo mana daga Katsina ga ciwon gwiwa, ban yi tunani ba sam, ranar farko ta hau bene uku tana hutawa a kowane hawa, da ta isa sama ta zauna ta ce ita da ƙasa sai ranar tafiya, kuma haka aka yi kusan, katifa muka hau mata da ita. Ga buhun shinkafa da kuloli uku na nama da muka hau da su a ka, don naman halal daga Raleigh muke tahowa da shi a ƙanƙare, da yaji da daddawa da kuka da butoci, kar ki manta buta, ba za ki samu a can ba. Bana gida mai lifta na nema, tsadarsa ba ta kai ta layin farko ba. Ki kuma duba ko gidan na waɗanda aka yarda a zo da kare ne, in haka ne ki wuce, ko don wurin sallah. Af, alƙibla ma sai da aka yi muhawara, Hajiya ta fuskanci teku ta ce ai nan ne gabas, da ƙyar jikokinta suka nuna mata a waya cewa daga nan sai an karkata arewa maso gabas.

Ita Hajiya tun a mota take kallon gidajen tana girgiza kai, wai wane mai hankali ne zai yi gini a kan rairayi a bakin ruwa. Kuma fa ba ta yi ƙarya ba, tsibiran nan tafiya suke yi a hankali, teku na ci ta gaba. Doguwar hasumiyar fitila ta Cape Hatteras sai da aka ɗauke ta ɗungurungum a 1999 aka ja ta baya ƙafa 2,900 don kar ruwa ya cinye ta, kuma daga 2020 zuwa yanzu gidaje da dama sun rufta cikin teku a ƙauyukan Rodanthe da Buxton da ke can kudu, ana ɗauka a bidiyo. Wanda ya san Bar Beach ta Legas a da ya san yadda teku ke yi in ya so wuri. Don haka in kika ga gidan bakin ruwa da araha ta ban mamaki a can kudu, ki nemi hoton bana, ba na shekara biyar da suka wuce ba.

Wannan ya kawo ni kan inshorar tafiya, wadda na san wasunmu ba sa so, wasu don kuɗi wasu don shakku na addini, wannan kowa ya tambayi malaminsa ni ba malama ba ce. Amma ki san abin da kike ƙi. Lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, wato duk hutun yara a ciki yake, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Dokar jihar ta ce in hukuma ta ba da umarnin kowa ya fice, za a mayar miki kuɗin kwanakin da kika rasa, sai dai in an yi miki tayin inshora kin ƙi, ko kin saya, to nan ba ruwan mai gida, kuma kusan kowace takarda da tayin a ciki, ɗan akwati ne kawai za ki sa hannu ki wuce ba ki lura ba. Ƙasan Oregon Inlet kuma, wata mashigar ruwa da ke kudu da Nags Head, hanya ɗaya ce tak, lamba 12, in ruwa da yashi suka rufe ta shi kenan, tsibirin Ocracoke ma sai da jirgin fito, wajen awa guda daga Hatteras. Can ya fi shiru da kyau, ban musa ba, amma da tsohuwa da ƙananan yara ni Nags Head ko Kill Devil Hills nake tsayawa, kusa da asibiti da manyan kantuna, ga tudun rairayi na Jockey's Ridge da wata 'yar Damagaram a cikinmu ta ce ya tuna mata gida har da ƙwalla, ga wurin da 'yan uwan nan Wright suka fara tashi da jirgin sama a 1903, yara su je su ga abin da ake koya musu a makaranta. Duck da Corolla ta arewa gidajensu sun fi girma da tsari, amma ranar Asabar gosulon gadar shiga sai ya cinye wa 'yan Maryland da Bajiniya rabin yini, suna isowa ba mai iya magana.

Ruwan kansa kuma ba gulbi ba ne, akwai wani jan ruwa da ke fizgar mutum ya yi ciki da shi ko da ya iya iyo, yawancinmu kuwa ba mu iya ba, ga doguwar riga in ta jiƙe nauyi take. Shi ya sa kafin in sa hannu sai na duba ko mashigar teku mafi kusa da gidan tana da masu ceto a zaune, in an kafa jar tuta ko ƙafa ba mai sawa, nan kam ba na wasa da kowa har da manya.

Na baɗi na riga na riƙe, gidan bana ne, sati na biyu na Agusta, tun ranar da muka miƙa makulli na cike takardar. Iyali biyu sun fara zubi, ɗaya ta ce ƙarshen wata, ta huɗun kuma har yanzu "bari mu gani" take turo min da alamar addu'a. Hajiya ce ma ta bugo shekaranjiya daga Katsina, bayan gaisuwa ta ce wai wannan karon da lifta ko, na ce eh Hajiya, ta ce to a sa da ita a lissafi, kuma ƙanwarta ma tana son ta ga ruwan.