An ce a ɓoye lamba, to makaho ya ɓoye ta yaya?

Jiya bayan la'asar a masallacinmu na Agege, wani dattijo makaho da muke sahu ɗaya ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, zo ka ara min idonka."

Bawan Allahn nan ba ya neman taimakon kowa a waya. TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan waya da murya, ita ke karanta masa komai, da kansa yake tura kuɗi gida Kano, wallahi yatsansa ya fi nawa sauri. Amma wata manhajar tantance mutum ta gwamnati ta tsayar da shi cak. Wai ya saita fuskarsa cikin da'ira, ya ƙifta ido, ya juya hagu. Da'irar da ba ya gani! Maɓallan ma ba a sa musu suna ba, wayar sai ta yi ta cewa ga maɓalli, ba ta faɗin aikinsa. Ni na riƙe masa, sai a karo na huɗu ta karɓa. Lambobin NIN ɗinsa 11 kuwa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da ka ya karanto min, mutane na wucewa suna ji.

Wannan ne ya tsaya min a rai. Tun Disamban 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, kullum gargaɗin ɗaya ne, kada ka ba kowa lambarka. To shi fa? Yau ni ne, gobe yaron POS ne a bakin tasha da bai san halinsa ba. Ban ma taɓo 'yan'uwanmu na Okobaba a Ebute Metta ba, waɗanda kuturta ta cinye wa yatsu, ana ce musu su dangwala.

Kuma ba doka ce babu ba. Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, wa'adin shekara 5 na gyara gine-gine ya cika a 2024. Legas ma tana da LASODA, hukumarta ta kula da masu buƙata ta musamman. Sai dai ana ta maganar matakalar ofis, alhali ofishin ya tare cikin waya. Sa wa maɓalli suna da ba da umarni da murya ba aikin biliyoyi ba ne, a zaunar da makafi su gwada manhaja kafin a sake ta kawai.

Da na miƙa masa wayar sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi albarka, Allah kuma ya sa ka manta lambar."