Rancen Sana'a Ba Kuɗin Anko Ba Ne

'Yan uwana mata, musamman ƙannena masu tasowa, abin da na gani a taron wata ƙungiyar mata a Anguwan Rogo da ke Jos ya hana ni yin shiru. Ranar zubi ce, uwar ƙungiya ta buɗe littafi, sai ga wata dattijuwa mai tuyar ƙosai tana kwance bakin zanenta, tana ƙirga canji domin a cike kason wata matashiya da ta karɓi rance da sunan sarin dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, amma ta kwashi kuɗin ta yanki leshin anko.

Wannan rance ba a neman takardar gida ko ta fili kafin a ba da shi. Jinginarsa ita ce amanar da ke tsakaninku, domin idan ɗaya ta gaza, sauran ne za su biya mata. Amincewa da talaka ba tare da jingina ba ita ce ta sa Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a Bangaladash a 1983, kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankuna masu ba talakawa rance a 2005. Da irin wannan ɗan jari wata ta sayi injin markaɗe, wata keken ɗinki, har suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, ina dalilin narkar da shi a biki? Anko ba ya kawo riba, gwaggwaro ba ya biyan zubin mako. Yau anko, gobe gudummawar suna, jibi sabuwar waya domin a sa hoto a Facebook, sannan a ruga wata ƙungiya a ci sabon bashi a toshe tsohon. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su ma mazan da ke cewa "ara mini zuwa ƙarshen wata" su ji tsoron Allah.

Mu yi wa kanmu faɗa. Iyayenmu sun yi adashi shekara da shekaru ba takarda ba shaida, mace ta gwammace ta je biki da tsohon zane a kan a aiko mata tambayar zubi. Yanzu kuwa wadda ake bi ce ke kashe waya, idan kuma an je gidanta a ce yara su ce ba ta nan.