Gumakan da Mao ya rusa sun dawo, amma bisa sharaɗi

A watan Nuwamban 1966 matasan Jajayen Dakaru na Mao Zedong, jagoran ƙasar Sin na lokacin, suka afka wa garin Qufu, mahaifar Confucius, shahararren malamin falsafar Sin na zamanin da, suka farfasa allunan dutse, suka tone kaburburan zuri'arsa. A 2013 Shugaba Xi Jinping ya taka har garin, yana yaba koyarwar Confucius. Jam'iyya ɗaya ce, ta Kwaminis, ta yi duka biyun.

Masu cewa gwamnatin Sin ce ta farfaɗo da addinin gargajiya suna ba ta ladan da ba nata ba. Talakawa ne suka riƙe abinsu. Shekaru goma na Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an ƙona ɗakunan bauta, an kira duk mai kunna wa kakanni turare ɗan camfi. Mao na rufe ido, mutanen ƙauyuka suka fara karo-karo. A tsibirin Meizhou na lardin Fujian, mazauna wurin ne suka sake gina ɗakin Mazu, abar bautar da masunta ke roƙo kafin su shiga teku. Sai da mabiyanta daga Taiwan suka fara tururuwa da kuɗinsu a ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta gane akwai riba, ta aljihu da ta siyasa. A 2009 aka shigar da al'adun Mazu cikin jerin al'adun gado na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar Qingming, da iyalai ke share kaburburan iyaye suna ƙona kuɗin takarda, ta zama hutun ƙasa a 2008.

To amma a duba sharaɗin. Addinai biyar kaɗai gwamnati ta amince da su: Buda, Tao, Musulunci, Katolika da Furotesta. Bautar gargajiya ba ta cikin jerin, ana barin ta ne a matsayin kayan gado, kuma mai ba ka aron riga yana iya cewa ka tuɓe. A 2012 an baje kaburbura masu ɗimbin yawa a Zhoukou da ke lardin Henan don faɗaɗa gonaki. A 2018 jami'ai a Jiangxi suka riƙa ƙwace akwatunan gawa da tsofaffi suka tanadar wa kansu, wai dole a koma ƙona gawa.

Ni abin da na gani shi ne jam'iyyar na ƙyale duk imanin da bai da shugaba a wajenta, bai kuma da alaƙa da ƙetare sai wadda za ta amfane ta. Shi ya sa ake ƙawata ɗakin Mazu a daidai lokacin da ake sauke hasumiyoyin masallatan Musulmin ƙabilar Hui da gicciyen majami'un lardin Zhejiang.