Yaƙin Hitila ya shigo ƙauyukan Sakkwato

Za ka ji matasa a Sakkwato suna cewa Yaƙin Duniya na Biyu rigimar Turawa ce, ƙauyukanmu ba su ma san an yi ba. Ba haka ba ne.

Gaskiya ba a harba bindiga a nan ba, amma yaron da ya tashi a karkarar Lardin Sakkwato a 1942 ya ɗanɗana kuɗarsa. Wansa an ɗauke shi soja, ƙarshenta sai dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Asiya. Ubansa kuwa, hakimi ya sa shi cikin masu aikin tilas na haƙar kuza a Jos, inda sanyi da ciwo suka kashe mutane da dama. Sai gonar gero ta dawo wuyan ɗan shekara goma, galma ta fi ƙarfin hannunsa, haraji kuma ba a yafe ba.